Kujeru takwas, ƙorafi ɗaya: gyaran kujerun wani wurin koyon kwamfuta a Damagaram

Wurin yana unguwar Sabon Gari a Damagaram, ɗaki biyu ne da rumfar kwano a gaba. A ɗakin farko ake buga wa jama'a takardu, a yi fotokwafi, ɗaliban jami'ar André Salifou kuma su kawo kundin ƙarshen karatu a daidaita musu shi. Ɗaki na biyu na koyon kwamfuta ne, rukuni uku a yini, tun daga 'yan lakwal masu shekara goma sha uku har ma'aikatan da ke zuwa bayan la'asar. Kujeru goma sha biyu ne a wurin, dukansu masu juyawa, masu silindar gas a ƙarƙashi, wato bututun da ke sa kujera hawa da sauka. Tara na teburi ne, uku kuma dogaye marasa majingina, masu zoben ɗora ƙafa, waɗanda ake hawa a bakin kanta. Mai wurin, wani Alhaji da ya yi ritaya daga aikin gwamnati, kashi biyu ya saye su: biyar gwanjo ne daga kayan wata ƙungiya da ta rufe bironta, sauran bakwai kuma sababbi aka kawo masa daga Kano.

Kafin hunturu ya fita, takwas daga cikinsu sun daina yi wa kowa daɗin zama, kuma maganar da ake kai wa Alhaji ɗaya ce: kujera ta lalace, ba ta tsayawa inda aka sa ta. Sakatariyar wurin, wadda ta fi kowa daɗewa a zaune, ta ɗora matashi biyu a kan tata. Teburinta santimita 75 ne daga ƙasa, kujerar kuwa ta sauka har kusan 40, don haka yini take kafaɗunta a ɗage tana buga rubutu, ta tashi da ciwon wuya. Yara kuma sun mai da abin wasa, kowa na rige-rigen zuwa da wuri don ya kama mai lafiya.

Sau biyu Alhaji ya nemi mafita kafin a kira ni. Da farko ya aika yaro da kujera ɗaya wurin mai faci, a ƙara mata iska. Mai faci ya juya ta, ya duba sama da ƙasa, ya rasa bakin da zai sa tiyo, ya mayar. Daga nan sai wani mai walda na kusa ya ce a kawo masa su duka, ya ɗiga musu wuta a tsawon da ake so, magana ta ƙare. Allah ya taimaka ranar babu kuran. Ni aikina gyaran injin fotokwafi ne da sauran kayan biro, kujeru kuma sun faɗo hannuna ne saboda ba su da mai yi a garin. Da na zo duba injinsa sai ya tare ni da zancen.

"Malam, ka dai ga halin da muke ciki. Ko mai walda ya kafe su wuri ɗaya kowa ya huta, ko ka lissafa mini kuɗin silinda takwas in san inda dare ya yi mini."

Na ce, "Alhaji, a ba ni yinin nan tukuna. Ban yi zaton ciwo ɗaya ne ke damun takwas ɗin ba."

Abin da ke cikin silinda

Sai an san cikin abin nan ake gane dalilin da ya sa mai faci ya rasa bakin hurawa, da dalilin da ya sa shawarar mai walda ta fi matsalar kanta haɗari. Abin da ido ke gani kashi biyu ne. Akwai baƙin bututun waje mai kaurin milimita 50, wanda ke zaune cikin ramin ƙafar nan mai yatsu biyar. Akwai kuma siririn bututu mai sheƙi, milimita 28, wanda ke shiga yana fita, kansa kuma na soke cikin farantin ƙarfen da ke ƙarƙashin mazauni. Mutane da yawa suna ɗauka mai sheƙin nan shi ne sandar fistin. Ba shi ba ne. Shi ne gidan iskar. Sandar fistin tana ɓoye daga ciki, ta kalli ƙasa, an ɗaure bakinta a gindin baƙin bututun da ɗan kilif, tare da boris ɗin da ke sa kujera ta juya.

Cikin gidan iskar naitirojin aka matse tun a masana'anta, aka sa ɗan mai kaɗan, aka rufe har abada. Fistin ya raba cikin gida biyu, tsakaninsu akwai bawul, maɓallin bawul ɗin kuma shi ne ɗan ƙullutun da ke leƙowa a ƙolin silinda. Hannun da mai zama ke ja ba ya yin komai sai danna wannan maɓalli. Idan bawul na rufe, iska ba ta da hanyar wucewa daga ɗaki zuwa ɗaki, kujera ta tsaya inda take, sai ɗan lotsawar da ake ji lokacin zama. Idan an buɗe shi babu kowa a kai, iskar na tura kujera sama, saboda fuskar fistin da babu sanda a jikinta ta fi ɗayar faɗi. Idan da mutum a kai, nauyinsa ya rinjayi turin, sai ta sauka. A yawancin kujerun biro turin nan bai wuce nauyin kilo talatin zuwa arba'in ba.

A ma'aunin matsin iska da ake kira bar, tayar ƙaramar mota bar 2 ce zuwa 2 da rabi. Matsin da ke cikin silindar kujera ya ninka haka sau goma ko fiye. Ko da akwai bakin hurawa, injin mai faci ba zai kai can ba. Iska kuma in ta ji zafi a rufaffen wuri, matsinta hawa yake: tsakanin digiri 20 na safiyar hunturu da 45 na azahar ɗin watan Afrilu ko Mayu ma yana ƙaruwa da kusan kashi 8 zuwa 9 cikin ɗari, balle wutar walda da ke narkar da ƙarfe. In ta fashe, abin da ke ciki ta tsawonta yake fita, wato ko ta wajen mazauni ko ta wajen fuskar wanda ya sunkuya yana aiki. Shi ya sa masu ƙera ta suke rubuta a jikinta cewa kada a buɗe, kada a sa mata zafi. Da na nuna wa Alhaji rubutun a jikin ɗaya daga cikin na gwanjon, da Ingilishi da Jamusanci, bai sake tada zancen walda ba.

Gwajin

Kayan gwajin alli ne da agogo. Kowace kujera muka fitar da ita rumfa, a ja hannu babu kowa a kai a ga ko za ta tashi, kuma har ina. Sai a ja layi da alli a jikin mai sheƙi daidai bakin baƙin bututu, yaron shago ya zauna kwata ɗaya, wato minti goma sha biyar, ba tare da ya taɓa hannun ba, a duba ko layin ya nutse. Bayan nan in taɓa hannun da yatsa in ji ko yana da ɗan sako-sako kafin ya fara danna maɓalli, in ɗaga kujerar ta mazauni, in kife ta in leƙa gindinta.

Ta sakatariya muka fara, kuma ita ce ta fi ruɗa mutane. Tana sauka a hankali in an zauna, amma da an tashi sai ta bi mutum sama da kanta. Wanda ya ga haka ya san iskarta na nan, tunda silindar da ta zubar da iska ba ta da ƙarfin tashi. Sauran tambaya ita ce me ya hana bawul rufewa. Na taɓa hannun na ji shi a ɗaure tamau, babu sako-sako ko kaɗan. Muka kwance kusoshi huɗun da ke riƙe farantin da mazauni, muka leƙa ta sama. Irin farantin nan ne mai ɗan sukuru a bakin hannun, wanda ake daidaita tazarar da ke tsakaninsa da maɓalli. Wani ya taɓa ɗaure shi fiye da kima, ga kuma silindar da ta ƙara nutsewa cikin farantin saboda shekarun zama, sai sukurun ya zauna a kan maɓalli yana danna shi dare da rana. Na mayar da shi baya kamar zagaye ɗaya, har takarda ta iya wucewa tsakaninsu, na ɗaure notinsa. Yaro ya zauna kwata ɗaya, layin alli bai motsa ba.

Sakatariya ta tsaya tana kallo, ta ce, "Malam, wai dama wannan ɗan abin ne ya sa ni shan maganin ciwon wuya tun kaka?"

Ta biyu akasin haka ce, ba ta hawa ba ta sauka. Hannunta yana lilo har ƙarshe bai taɓa komai ba. Farantinta na araha ne, babu sukuru, harshen ƙarfe ne kawai aka lanƙwasa. Yara suna taka hannun da ƙafa, wasu kuma su fizge shi da ƙarfi in kujera ta kai ƙarshen tsawonta suna son ƙari, har harshen ya buɗe. Na danna maɓallin da bakin sukudireba, silinda ta miƙe da ƙarfinta. Muka miƙe harshen da filaya da guduma, a sanyi, ya koma aiki.

Ta ukun ta fi ɗaukar lokaci, kuma ita ce ta ƙasar nan tamu. Hannu na danna maɓalli daidai, ana jin bawul na buɗewa, amma kujerar sai ta yi gurnani ta motsa kaɗan ta tsaya. Wani mai kyakkyawar niyya ya taɓa zuba mata baƙin mai don ta daina ƙara. Ƙurar hunturu ta zo ta sami wurin zama, mai da ƙura suka haɗu suka zama kwaɓi mai tauri a cikin zoben robar da ke bakin baƙin bututu, wanda mai sheƙin ke zamewa a cikinsa. Wannan ana iya wanke shi ba tare da an taɓa gidan iska ba. Muka kife ta a kan tabarma, na zare kilif ɗin gindi da washarsa, sai ƙafar da baƙin bututun suka zame gaba ɗaya suka bar sandar a fili. A jikin sandar akwai robar tare duka, sai washa, sai boris, sai wata washar. Na jera su a kan takarda yadda suka fito, domin in aka juya tsarin kujera ba za ta juya da daɗi ba. Boris ɗin ya cika da yashi. Muka wanke shi da kananzir, muka goge cikin zoben da tsumma, sandar kuwa busasshen tsumma kawai na sa mata, ban bari kananzir ya kusanci robar da ke toshe bakin gidan iska ba. Ɗan giris a boris, shafa ɗaya marar yawa a zoben, muka mayar.

A nan ne nake ganin ƙura ke kashe silinda a garuruwanmu. Yashin da ya gangara cikin baƙin bututu yana manne wa sandar, duk hawa da sauka sai ya bi ta cikin robar bakin yana kankare ta kaɗan-kaɗan, zafin bazara kuma ya busar da robar ya taurara ta. Mai goge wajen kujera bai san abin da ke faruwa a ciki ba. Kujerun gwanjon nan suna da rigar roba mai shiga cikin juna wadda ke rufe silindar, kuma cikinsu ya fi tsabta nesa ba kusa ba, sai wannan ɗaya da rigarta ta fashe aka yar.

Ta huɗu silindarta lafiya lau. Ramin tsakiyar ƙafarta ne, na roba, ya tsage, baƙin bututu ya zurma har gindinsa na jan ƙasa. Zanen da ya yi a simintin ɗakin ya isa shaida. A ɗakin ajiya akwai gawar wata tsohuwar kujera da bayanta ya karye, mai ƙafar ƙarfe. Ramin milimita 50 ne shi ma, muka musanya.

Ta biyar ɗaya ce daga cikin dogayen, kuma babu abin da ya same ta. Yarinyar da ke karɓar kuɗi a kanta ce ta ce ta ƙi sauka. Yaron shago ya hau ya ja, ta sauka sumul. Na ce ita ta hau in gani. Siririya ce ƙwarai, kuma da ta kai hannu za ta ja sai ta sunkuya gefe ta dafe zoben da ƙafa biyu. Zoben a jikin baƙin bututu yake ɗaure, ba a mazauni ba, don haka rabin nauyinta ƙasa yake tafiya, abin da ya rage bai kai ya rinjayi turin iskar ba.

"Ƙanwata, ɗage ƙafafunki daga zoben, ki zauna tsakiya sosai, sannan ki ja."

Ta ja, ta sauka, ta rufe baki da mayafi tana dariya.

Uku suka rage, kuma su ne matattun gaske. Ɗaya ba ta tashi ko kaɗan, ga danshin mai a gindinta. Ɗaya tana tashi, hannunta na da sako-sako daidai, amma layin alli ya nutse kusan santimita uku cikin kwata ɗaya, alamar robar fistin ko ta bawul ta sare daga ciki. Ta ukun doguwa ce, tana tashi rabi ta tsaya. Waɗannan ba su da gyara a Damagaram ko a wani wuri, sai canji. Dukansu uku cikin sababbin da aka kawo daga Kano suke. A cikin biyar na gwanjo babu wadda silindarta ta mutu, duk da sun girme su da shekaru.

Saye

Alhaji ya ji daɗin takwas sun koma uku, ya ce a aika Kano gobe. Na ce sai mun auna. An yi sa'a kauri kusan ɗaya ne a yawancin kujerun biro, 50 a ƙasa, 28 a sama, amma tsawo ya bambanta, kuma nan ne mai aike ke asarar kuɗinsa. Abu uku ake aunawa: tsawon baƙin bututu, nisan da silinda ke tafiya daga ƙasa zuwa sama, da yadda gindinta ke leƙowa a ƙarƙashin ƙafa. Na kujerun teburi tafiyarsu kan kasance milimita 100 ko 120 ko 140, na dogayen kuwa 200 zuwa 260 da wani abu. In gindin ya fi leƙowa zai ja ƙasa. In bututun ya yi tsawo, gajeren mutum ba zai kai ƙafarsa ƙasa ba, dogo kuma gwiwarsa ta daki teburi. Tunda biyu daga cikin matattun ba sa miƙewa har ƙarshe, 'yan uwansu masu lafiya muka auna. Muka ɗauki hoto da tef a jikinsu, aka tura wa ɗan ƙanen Alhaji da ke Kano ta WhatsApp.

Na zagaya kasuwar Dole da shagunan masu kayan biro. Cikakkiyar kujera tana samuwa, silinda ita kaɗai kuwa sai an dace. Yamai tana da nisan kusan kilomita 900, Kano kuwa kusan 240, kuma tun da aka sake buɗe iyaka a watan Maris na 2024 direbobin da ke bi ta Daura da Matamai ko ta Magariya suna ɗauko irin wannan ƙaramin saƙo.

Sai batun aji. A jikin silinda akan buga lamba daga 1 zuwa 4, bisa wani ma'auni na Jamus mai suna DIN 4550, wanda daga baya na Turai EN 16955 ya gaje shi. A Amurka kuma ƙungiyar BIFMA ce ke da ƙa'idar gwajin kujerun biro. Na gwanjon Alhaji aji 4 ne, biyu daga cikin matattun aji 2, ɗayar ko lamba babu. Lambar nan ƙarfin ƙarfen take nunawa, wato kaurinsa da juriyarsa ga lanƙwasa, ba ingancin robar ciki ba. Amma a abin da na gani, wanda bai yi rowar ƙarfe ba ba ya rowar roba. Masu suna a wannan sana'a su ne irin su Stabilus da ke Koblenz da Suspa da ke Altdorf, duk a Jamus, da Samhongsa ta Koriya ta Kudu. Buga lamba a ƙarfe kuma ba wuya ba ne, kowa na iya yi. Na ce wa ɗan ƙanen Alhaji ya ɗauki biyu a hannu ya gwada, ya zaɓi mai nauyin, kuma kada ya karɓi wadda ba ta da sunan mai ƙera ta da kwanan wata a jiki. Wuri irin na Alhaji, inda mutum uku ko huɗu ke canza tsawon kujera ɗaya kowace rana, aji 4 ya dace da shi. Ya ɗan yi ƙorafin bambancin kuɗin, sannan da bakinsa ya ce araha ba ta ado.

Biyu na teburi sun samu, masu tafiyar 120. Ta doguwar ba ta samu ba. Mai shagon ya so ya tura masa mai 140, ya ce duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne, kantar Alhaji ta haura mita ɗaya, mai zama zai koma leƙen kwastoma daga ƙasa. Aka bar sallahu.

Cirewa da sawa

Babu kusa babu sukuru da ke riƙe silinda, sama ko ƙasa. Bakunanta biyu an fiƙe su kaɗan, ramukan da suke shiga su ma haka, nauyin mai zama ne ke ƙara cusa su, kamar ruwan gatari a ƙota, duk sara ƙara kamawa yake. Shi ya sa sawa ba ta cin minti biyu, cirewa kuwa tana iya cin rabin yini.

Ƙafa muka fara cirewa. Aka kife kujera a kan teburi, mazauninta a ƙasa, yaro ya riƙe ƙafar yana ja sama, ni kuma ina dukan bakin baƙin bututun da gudumar roba, ina zagayawa. Gefen bututu ake duka, ba tsakiya inda kilif da bakin sanda suke ba. Ta farkon matattun biyu na teburi ta saki bayan 'yan duka kaɗan. Ta biyu ta yi tsatsa saboda ruwan da ake wanke ɗakin da shi, sai da muka fesa mata man kwance tsatsa na WD-40 muka bar ta har bayan sallar azahar.

Saman ne mai taurin kai. Na kwance farantin daga mazauni don kada katakon ciki ya tsage, na fesa mai a mahaɗin, na kama mai sheƙin da babbar sufanar masu gyaran famfo, kusa da farantin sosai. Yaro ya taka farantin da ƙafa biyu, na zura bututun ƙarfe a hannun sufanar don ya ƙara tsawo, na danna. Da farko shiru, haƙoran sufana na cin ƙarfe kawai. Sai wata 'yar ƙara, ta juya kamar faɗin yatsa, daga nan na yi ta murza ta hagu da dama ina ja har ta fito. Haƙoran nan suna barin tabo, tabon kuma zai yayyage zoben roba, don haka sufana ba ta taɓa silindar da ake son sake amfani da ita. A kujerar da muka musanya wa ƙafa, gudumar roba kaɗai muka yi aiki da ita.

Wajen sawa, na goge ramukan biyu har suka bushe ƙarau. Ba a sa giris a nan, kamawa ake so. Sababbin suna zuwa da 'yar hular roba a kan maɓalli don kada ya dannu a hanya, in an manta ba a cire ta ba hannu ba zai yi aiki ba. Aka tsayar da silinda cikin ƙafa, aka zura mata rigar roba, aka ɗora mazauni, Alhaji da kansa ya zauna da ƙarfi sau biyu. Sakatariya kuma na daidaita mata tata yadda gwiwar hannunta za ta yi daidai da saman teburi. Da ƙafarta ta ɗan yi rataye sai aka sa mata guntun katako a ƙasa.

Doguwar da ke jiran saƙo dabarar wucin gadi muka yi mata. Muka ja mazaunin sama da hannu har tsawon da kanta ke so, muka auna abin da ya fito na mai sheƙin, aka yanko bututun roba na famfo mai faɗin milimita 32 daidai wannan tsawo, aka tsaga shi ta tsaye, aka ɓama shi a jiki, aka ɗaure da kilif biyu irin na tiyon lagireto. Wasu kilif ɗin kaɗai suke ɗaurawa a jikin ƙarfen, amma yana zamewa cikin 'yan kwanaki. Bututun yana riƙewa. Illarsa ita ce tsawo ya zama ɗaya ga kowa, lotsawar nan mai sauƙaƙa wa baya ta tafi, nauyi kuma ya koma kan bakin zoben roba wanda ba don haka aka yi shi ba. A kanta, inda mutum ɗaya ke zama, ana iya haƙuri da shi na ɗan lokaci. A ɗakin koyo ba zan yi shi ba.

Bayan bazara

Matattun silindu ba fanko ba ne. Ko wadda ba ta iya ɗaga mazauni tana da sauran matsi a ciki, masu sayen gwangwan kuma abin da suka tara yakan ƙare a hannun maƙera ko a bakin zarto. Alhaji ya sa aka shafa musu jan fenti aka kulle a ɗakin ajiya, ya hana yaran shago sayar da su ga masu yawo da buhu.

Ya kuma sa doka biyu: a goge mai sheƙin da busasshen tsumma duk ranar Alhamis, kuma kada kowa ya sake zuba wa kujera mai. Dokar hana taka hannu da ƙafa kuwa ba ta kama yara ba.

Da na koma duba injin fotokwafi bayan ruwan farko ya sauka, sababbin silindu biyun suna nan daram, ta sakatariya ma haka, an kwashe matashi biyun da ta ɗora. Silindar doguwar ta iso, mai tafiyar 260, an sa ta, an cire bututun famfo. Wadda aka wanke ta fara ɗan girgiza gefe da gefe, zoben robarta ya riga ya cinye tun kafin wankin, amma tana hawa tana sauka. Ta biyun nan mai harshen ƙarfe ta sake lanƙwashewa. Ban miƙe shi ba a wannan karon, don na ga tsaga ta fara bayyana a gwiwar lanƙwasar. Sabon faranti take buƙata, mai sukurun daidaitawa in an samu. Muka auna tazarar ramukan kusoshinta huɗu, tsaye da kwance, aka tura Kano.